Ɗakin Renon Tumatir a Chinade

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Chinade daga Azare, mu biyu a kan mashin ɗina. Ni nake tuƙi. A bayana Oga ne, mai shagon kayan sola a kasuwa, mutumin kudu da ya daɗe a garin nan har ya fi wasunmu iya karin magana. Ya rataya jakar mitarsa ta auna wuta a wuya. Ni kuma na ɗaure naɗin waya mai kauri a kan tanki, ban gaya masa dalili ba.

Ga abin da ya tayar da mu. Sana'ata jan wayar wuta ce, a hannu na koya, karatuna bai wuce sakandare ba. Wata guda da ya wuce wata Hajiya a Chinade, tsohuwar malamar gona, ta ba ni aikin ɗakin da take renon tumatir a ciki. Zafin bazara yana ƙone tsiro a waje, ita kuma tana so manoman unguwarsu su sami abin dasawa da ruwan farko. Na haɗa mata fitilu takwas, fanka biyu, farantan sola huɗu, da batura biyu daga shagon Oga. Ba a jima ba ta kira ni, ta ce wuta tana ɗaukewa tun kafin la'asar, tsiro ya fara ɗashewa. Na ce mata baturan ne jabu. Ban je na duba ba. Da maganar ta isa kunnen Oga, ya tako har ƙofar gidana ya ce sai mun je tare.

Hanyar ba ta da laifi, in ban da ramukan da ke sa mai mashin ya riƙa kewaye kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Dama da hagu an share gonaki, an jibge taki tsibi-tsibi, amalanken shanu suna ta kai da kawo. Kowa idonsa a gabas yake, ana jiran hadari. Mun tsaya a wani ƙauye muka sayi mai a kwalba, ya fi na gidan mai tsada, sannan muka karya da masa. Kuɗin da a da ake cika maka leda da shi yanzu guda huɗu yake saye, su ma sun rame. Oga ya gaida wata mai nono da Fulatanci, ta yi dariya har ta ƙara masa ludayi guda.

Da hantsi muka isa. Hajiya ta ba mu ruwa, ta kai mu ɗakin ba tare da dogon zance ba. An shafe bangon da farin fenti, an sa raga a taga saboda ƙwari, ga kantoci na katako ɗauke da tire ashirin. Tsiron ya yi tsawo siriri kamar zare, ganyen ya koɗe, duk ya karkata wajen taga yana neman haske. A wasu tirorin ya riga ya kwanta.

Oga ya durƙusa ya auna baturan, ya sake aunawa.

"Injiniya," in ji shi, haka yake kirana in zai tsokane ni, "baturan nan lafiyarsu ƙalau. Yunwa ce ke damunsu. Awa nawa ka lissafa musu?"

Na ce huɗu.

Ya fita tsakar gida ya ɗauki tsinke, ya yi mini lissafi a ƙasa. Fitilu takwas masu wat arba'in-arba'in, da fanka biyu su ma haka, wat ɗari huɗu ke nan. Tsiron Hajiya yana son haske awa goma sha huɗu kullum, wato dubu biyar da ɗari shida. Ni kuwa lissafin gida na yi, inda ake kunna fitila daga magariba zuwa a kwanta. Duk shekarun da na yi ina aiki, ban taɓa haɗa wuta a ɗakin da fitila ce ranarsa ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Daga nan ya kama wayar da ta sauko daga rufi, ya yi saurin sakinta. Ta yi zafi. Ragowar siririyar waya ce da na yi aikin wani gida da ita, na ja ta doguwar tafiya, wutar tana lalacewa a hanya kafin ta kai batir. Mahaɗar ma da leda na naɗe ta. Soket kuma na kafa shi dab da ƙasa, inda ruwan ban-ruwa yake fantsama.

Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya dubi darbejiyar da ke yammacin ɗakin, ya ce mu jira azahar. Hajiya ta sa aka kawo mana dambu. Muna dawowa daga masallaci inuwar bishiyar ta hau faranti biyu, kafin wani lokaci ta rufe na uku.

A nan na buɗe baki. Na gaya wa Hajiya cewa ranar da na kafa farantan, rana ce ta dame ni, sai na jingina tsani a gefen inuwa, na kafa su inda hannuna ya kai. Na ce tun ranar da ta kira ni jikina ya ba ni aikina ne, shi ya sa yau na taho da waya mai kauri, amma na ɗora wa baturan Oga laifi don kada a ce ban iya ba.

Hajiya ta dubi tirorin, ta juyo gare ni.

"Malam, da ka ce mini ba ka sani ba, da na nemi wanda ya sani. Sati biyu na zauna ina jiran a canza batura."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na hau rufin cikin zafin rana, kwano yana gasa mini tafin ƙafa, na mayar da farantan can gefen da inuwa ba ta kaiwa. Oga ya riƙe tsani, ya ce shi iyakarsa ke nan, wanda ya ji daɗin inuwa shi zai sha ranar. Na ja sabuwar waya, na sa fis mai yanke wuta in ta yi yawa, na ɗaga soket sama da kantoci, na ɗaure kowace mahaɗa da salatef. Hajiya ta fitar da tire bakwai da suka mutu, muka kashe fitilu biyu, ta rage hasken zuwa awa goma sha biyu har a ƙara faranti. Da la'asar sakaliya fitilu shida suna ci, fanka tana juyawa, allurar mita ba ta sauka ba.

Kafin mu tafi Hajiya ta ce akwai mai shagon magani a bakin tasha da ya fasa sayen sola a wurin Oga saboda abin da ta gaya masa. Na je da ƙafata, na faɗa masa gaskiya a gaban masu sayen magani.

Mun shigo Azare ana kiran magariba. Da Oga ya sauka a ƙofar shagonsa ya ce, "Injiniya, gobe in ƙarya ta kama ka, ka yi wa rana. Ita ba ta da shago a kasuwa."

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma na riƙe shi. Duk wanda zai haɗa wutar ɗakin shuka ya fara da lissafin awa, ya zaɓi waya daidai nauyinta, ya wuni a gidan ya ga inda inuwa take bi. In kuma an kira shi an ce aiki ya lalace, ya je ya duba kafin ya ambaci sunan wani.

Bayan kwana biyar Hajiya ta kira ta ce ganye ya fara yin kore, tire goma sha uku za su kai dashe. Sauran bakwai ɗin na mutum uku ne da suka riga suka gyara gonakinsu. Ruwan farko zai sauka ba su da abin dasawa, kuma ni na jawo musu. Allah ya yafe mini.