Sunan da Ban Kira Ba a Halab

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne, idona ne ya gani.

Haihuwa ce ta kai ni Halab, a ƙasar Sham. Ɗana na fari ya je karatu can, ya auri 'yar garin, Hiba. Ranar da jaririyarsu ta kwana biyar, da hantsi, na aike shi sayen gas na dafa ruwan wankan jego. Hiba ta ce su ba sa yi. Na ce mu muna yi.

Bai jima da fita ba na ji rugugin jirgin yaƙi. Sai shiru. Sai ƙara. Gilashin taga ya zubo. Na fita ba mayafi. Na hango shi cikin hayaƙi, da tukunyar gas a kafaɗa, ya nufi inda mutane ke gudowa. Na buɗe baki. Shekara talatin ban taɓa kiran sunansa ba, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Na ce, "Kai! Kai wannan!" Bai waiwayo ba. Ƙara ta biyu ta tashi.

Azahar ta yi, bai dawo ba. Da la'asar maƙwabci ya buga ƙofa: "Ku fito! Mota ɗaya ta rage!" Muka fita, ni da Hiba da mahaifiyarta da jaririya. Kwana biyu muna tafe. A bakin iyakar Turkiyya aka raɗa wa yarinya suna Safiya, ba rago.

Daga baya ɗana na biyu, mai fatauci a Guangzhou ta ƙasar Sin, ya ɗauko mu. Duk Juma'a mutanen Sham kan taru a ƙofar wani gidan abinci a unguwar Xiaobei. Duk baƙon da ya zo daga Sham, Hiba za ta tare shi da hoton mijinta. Kowa na tambayar nasa da ya ɓata, murya sai ta tashi. Masu wucewa su ɗaga waya suna ɗauka. Mai gadi ya zo ya ɗora yatsa a leɓe. Wani Bakano ya taɓa ce mini, "Hajiya, Larabawan nan ba su iya ciniki ba sai da faɗa."

Mahaifiyar Hiba tun a sansanin 'yan gudun hijira muka binne ta. Safiya ta girma, da Sinanci take mafarki. Hiba ta ƙi yin aure. Shi kuwa ba mu yi masa sadakar uku ba, balle ta arba'in, don har yau ba wanda ya zo ya ce ya ga gawarsa.