Gwaggo, Wadda Ta Hana A Mai Da Littafi Bulala

Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida, Gwaggo za ta ɗage ƙafarta daga keken ɗinki, ta kakkaɓe guntayen zare daga zaninta, ta lulluɓe keken da tsohon labule. Daga nan ne aikinta na biyu ke farawa, wanda ya fi ɗinkin cin rai, kuma babu wanda ya taɓa ce mata sannu a kansa. Za ta shimfiɗa tabarma a falo, ta kashe talabijin, ta zauna a kan rimot ɗin don ta san halin mutanenta, sannan ta soma kiran yara. Tara 'ya'yan ƙanenta da ake kira Kafinta kuwa ya fi kora kaji akurki wuya. Wannan yanzu ne ya tuna yana jin fitsari, wancan ƙishirwa ta taso masa, ita kuma Auta ta laɓe bayan ƙofa, ƙafafunta duk a waje, tana zaton ba a ganinta.

"Zan ƙirga ne ko za ku fito?" in ji Gwaggo. Ba ta taɓa ƙirgawar ba, su ma sun sani, amma dai sukan fito.

Haka take yi tun ranar da ta dawo gidan ƙanen nata da zama bayan rasuwar mijinta. Kafin nan ta yi wa 'ya'yanta, kafin su kuma ta yi wa shi Kafintan kansa tun yana yawo da gajeren wando. Ta buɗe Littafi Mai Tsarki, ta karanta labari guda, ta maimaita shi da bakin da yara za su gane, a haddace aya, a yi addu'a. Abin a faɗe kamar ba wuya. Amma wanda bai taɓa zama gaban yara da littafin nan ba, don Allah ya yi shiru. Ana cikin labarin jirgin da ya tsira daga rigyawa za a ɗaga hannu a tambaye ta ko har da sauro aka shiga, kuma wa ya shigar da shi, don me. Ana labarin mutumin da kifi ya haɗiye, tambayar ita ce ko ya yi wanka da ya fito. Gwaggo ta cire tabarau, ta dubi rufin ɗaki, ta ce, "Ya Ubangiji, ka ga abin da ka haɗa ni da shi." Sannan ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Babbar 'yar gidan ce ta fi kowa ba ta ciwon kai, kuma ita ce ta fi kusa da zuciyarta. Lauya ake ce mata, don tun tana ƙarama ba a faɗa mata magana ta wuce haka nan. Ita tambayoyinta ba na sauro ba ne. Ita ce za ta ce me ya sa ɗan da ya zauna yana yi wa ubansa aiki ba a yi masa liyafa ba, sai wanda ya gudu. Wata rana Gwaggo ta amsa, wata rana ta ce, "Ban sani ba, 'yata. Mu ajiye ta, mu yi ta tunani." Kafinta ba ya son jin wannan amsa, wai tana rage wa babba kwarjini. Gwaggo ta ce gara kwarjininta ya ragu da ta yi wa yarinya ƙarya a kan Maganar Allah.

Sai dai fitinar yara duk wasa ce idan aka gwada ta da ta iyayensu. Su a ganinsu darasin yamma kotu ce, Gwaggo kuma alƙaliya. Kafin ta rufe keke, matar Kafinta ta leƙo tana rage murya: "Yaya, yau ki ɗan karanta musu wurin da ya yi maganar ƙiwuya, wanke-wanke tun safe yake jibge." Shi ma maigidan ya shigo da garin katako a gashinsa: "Yaya, a taɓo mana biyayya ga iyaye, kin dai gane." Gwaggo ta gane sarai, kuma amsarta ba ta canzawa. Inda aka tsaya jiya, nan za a tashi yau, ko da duk kwanukan gidan aka fasa.

"Wanda ya yi laifi ku kira shi ɗaki ku yi masa faɗa da bakinku," takan ce. "Allah ya ba ku baki. Kada ku ari nasa."

Ke ce, Gwaggo, kika yi shekara da shekaru kina tare wannan ƙofa ke kaɗai. An ce miki mai taurin kai, an ce kina ɓata yara, kin ji duka kin yi kunnen uwar shegu. Kin san abin da su ba su sani ba: yaron da aka saba dukansa da littafi, ranar da ya yi ƙarfi littafin zai fara gudu.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Gwaggo gani. Zare ya daina shiga allura, haruffa suka zama tururuwa. Aka yi mata aiki a asibiti, 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta don jinya. Ranar tafiya ta damƙa wa Kafinta littafin, ta nuna masa inda ta tsaya, ta ja masa kunne har sai da ya gaji. Ya ce, "Haba Yaya, sai ka ce wani yaro? Ai ke kika koyar da ni."

Da farko ya yi ƙoƙari, ba a hana shi wannan. Sai ga shi wata rana Lauya ta ce ta tsaya ƙarin darasi a makaranta, ashe gidan ƙawarta ta tafi, wani abokin aikin Kafinta kuma ya gan ta. Laifi ne, babu mai musu, kuma laifin da za a gama shi a ɗaki tsakanin uba da 'ya. Amma bawan Allahn nan sai ya haɗiye fushinsa, ya jira yamma. Da aka zauna, ga ƙannenta, ga 'ya'yan maƙwabta da ke zuwa darasin, ya tsallake inda aka tsaya, ya yi ta juya shafi har ya iso labarin wani mutum da matarsa da suka yi ƙarya a gaban masu bi suka faɗi matattu nan take. Ya karanta shi a hankali, duk inda ya kai aya sai ya ɗago ya dubi Lauya. Da ya gama ya ce, "Mai kunne dai ya ji."

Auta ce ta fara fashewa da kuka. "Baba, Yaya Lauya ma mutuwa za ta yi?"

'Ya'yan maƙwabta suka tuntsire da dariya, washegari kuma labari ya riga Lauya isa makaranta. Ita ko Auta ta yi kwanaki tana bin yayarta daga kicin zuwa bakin famfo, tana jiran ta ga inda za ta faɗi don ta tare ta. Lauya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai daina zuwa tabarma. Da yamma ta yi sai ta shige ɗaki ta toshe kunne da waya. A wurin cin abinci in ana addu'a idonta a buɗe yake, ranar Lahadi kuma ciwon kai ba ya saɓa alkawari. Kafinta ya ce ƙuruciya ce, za ta huce.

Gwaggo ta dawo da baƙin tabarau da umarnin likita cewa ban da ƙura, ban da ƙananan rubutu, ban da tashin hankali. Yammar farko ta dubi tabarma, ko da idon da bai gama warkewa ba ta ga gurbin. Auta ta kwashe labari kaf ta ba ta. Gwaggo ta tashi ta bi Lauya ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta ce idonta bai kai karatu ba tukuna, ko za ta zo ta ara mata nata.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji yarinyar, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Littafin nan na Baba ne. Duk abin da yake so shi yake faɗa. Ki sa shi ya karanta."

Wannan magana ta fi wuƙar likita yi wa Gwaggo zafi. Yarinyar da ta fi kowa tambaya ta daina tambaya, kuma Gwaggo ta san wanda ya bar tambaya ya kusa barin gidan gaba ɗaya, ko da jikinsa na ciki. Tsoro ya kama ta, tsoron kuma ya koma fushi. Da safe ta karya dokar likita biyu a tafiya ɗaya: ta nufi shagon ƙanenta, cikin ƙurar katako, da tashin hankalinta.

"Kashe injin nan!"

Ya kashe. "Yaya, ƙurar nan fa, idonki..."

"Bar idona. Me na ce maka ranar da zan tafi?"

"To, ni ƙarya na karanta? Ba a rubuce yake ba?"

"A rubuce yake. Gudumar nan taka ma ta gaskiya ce, zo in ba ka tabarau ɗina ka gyara mini da ita." Ta dafe bencin aikinsa. "Girma ya zo maka, furfura ta fito, amma ka kasa ce wa 'yarka, 'Kin yi mini ƙarya, na ji zafi.' Sai ka laɓe bayan Allah kana jifa. Yanzu ga shi ta haɗa ku ta yi fushi da ku duka biyu."

Daga ranar Gwaggo ta shiga yajin aiki irin nata. Yamma na yi za ta shimfiɗa tabarma, ta tara kowa har da iyayen, ta ɗora littafin a cinya a rufe, ta naɗe hannu. In an tambaya ta ce ba a cika ba, saura Lauya. A zauna a yi ta kallon juna har lokaci ya wuce, ta ce a tashi. Ƙananan suka addabi ubansu, matarsa ta daina tare masa, shi kuma ya yi ta muzurai yana cewa a gidansa ake masa haka. Gwaggo ta ce, "Eh, a gidanka."

Ranar da Kafinta ya gaji, sai ya miƙe, ya ɗauki littafin daga cinyar yayarsa, ya nufi ƙofar ɗakin Lauya. Kowa ya bi shi da ido. Ya yi gyaran murya, ya ƙwanƙwasa, ta buɗe.

"Ungo," ya ce, yana kallon ƙasa. "Abin da na yi miki a gaban mutane bai dace ba. Kin san littafin nan fiye da ni. Zo ki zaɓi wanda ya dace da ni, ki karanta mini a gaban kowa, mu yi kunnen doki."

Gwaggo ta dafe kai. "Wayyo ni! Har yanzu bai gane ba. Bulalar ce dai ya miƙa mata." Ta buɗe baki za ta hana, sai kuma ta rufe. Ta koyar da yarinyar nan tun ba ta iya ɗaura zani ba, in abin bai shiga ba, tsawar yau ba za ta shigar da shi ba.

Lauya ta karɓa, ta zo ta zauna a tabarma, ta soma juya shafi. Kuma ta san wuraren, babu shakka ta san su: sarakuna masu girman kai, iyayen da suka ɓata gidajensu, duk suna nan jere suna jiranta. Ta tsaya a wani shafi ta daɗe tana dubawa. Kafinta na zaune a ƙasa kusa da Auta. Gwaggo kuwa addu'a take a zuci, irin wadda ba ta da tsari.

Can yarinyar ta ɗago. Idonta ya yi ja.

"Gwaggo, a ina kika tsaya kafin ki tafi asibiti?"

Gwaggo ta faɗa mata. Lauya ta koma baya ta nemo wurin, ta karanta. Labari ne na wata doguwar tafiya a jeji, babu maƙaryaci a cikinsa, babu mugun uba. Da ta kai ƙarshe ta rufe littafin a kan yatsarta ta ce, "To amma ni ina da tambaya." Gwaggo ta ce maganin idon ne ke sa ta hawaye, babu wanda ya ƙaryata ta.

Yanzu ta ajiye karatun, likita ya yi nasara a kanta daga ƙarshe. Lauya da ubanta ke karɓa-karɓa, ita kuma tana kan kujera a gefe, wai hutawa take, alhali ko numfashi aka yi ba daidai ba sai ta gyara.

Mu kuma iyaye da ke karanta wannan, kada mu tafa mata mu wuce. Da yawanmu mun tura wa kakanni da gwaggonni da malaman Lahadi wannan aiki, ba ma tuna littafin sai ranar da yaro ya ɓata mana rai. Mu zauna da 'ya'yanmu a ranar da babu wanda ya yi laifi. Mu karanta, mu bar su su tambaya, in ba mu sani ba mu ce ba mu sani ba.

Gwaggo, tela mai ɗinke ɓaraka, mun gode. Mun gode da faɗan, mun gode da taurin kan. Ke ce kika ga yarinya tana sulalewa daga hannun Ubangijinta a cikin gidan da kowa ke cewa za ta huce, kika ƙi yarda. Allah ya ƙara miki lafiya da hasken ido. Jiya da yamma Lauya ce ta yi addu'ar rufewa, kuma sunan babanta ta fara ambata.