Hular Kawu Lawal da Doguwar Sakata

Cikin duk ranakun da na yi a shagon Mista Dale, akwai wata Asabar ta watan Yuli da har yanzu nake jin sautinta a kunnena. Ina rubuta wannan ne don ƙannena na makarantar Hausa ta ƙarshen mako, masu tambayata wane irin aiki yarinya kamata take yi a shagon bindigogi.

Mista Dale maƙwabcinmu ne a Springfield, dattijo ne mai haɗa bindigogin gasar harbin nesa. Da hutun bazara ya zo, Abbana ya roƙe shi ya ba ni ɗan aiki, wai ko zan koyi ɗaga kai in yi wa mutane magana. Aikina shara, goge gilashi da ɗaukar waya. Sayarwa da harsashi ba hurumina ba ne. Na fi son safiya, lokacin da rana ke ratso taga, ƙurar katako tana iyo a cikinta a hankali, shagon yana ƙanshin mai da gyaɗar da Mista Dale ke ɓarewa.

Ga abin da na koya, don ku gane labarin. A tsakiyar irin wannan bindiga akwai gidan ƙarfe da sakata ke kai da komo a cikinsa. Ka ja sakatar baya, kwanso ya fita, ka tura ta gaba, sabon harsashi ya shiga. Gidan iri biyu ne. Dogo yana ɗaukar dogon harsashi mai ƙarfi, wanda iska ba ta cika karkatar da shi ba, amma yana naushin kafaɗa, sakatarsa kuma tana tahowa kusa da fuska. Gajere harsashinsa ya fi sauƙi, naushinsa kaɗan. Kafin a sayo komai, wannan ake fara zaɓa, domin a kansa ake gina sauran.

Ranar nan Kawu Lawal ya shigo. Abokin Abbana ne, injiniya, daga Largo yake tuƙowa. Daga wajen suna yake, yana sanye da farar shadda da hula zanna.

"A'a, 'yar Malam! Ke ce sojan gidan nan?"

Na durƙusa na gaishe shi, idona a kan takalminsa.

Ya zauna ya yi wa Mista Dale bayani. Ya daɗe yana harbin farantin ƙarfe a yadi dubu, amma bai taɓa ganin harsashinsa ya sauka ba. Tsohuwar bindigarsa takan hankaɗe shi, madubin hangen nesa da ke kanta ya goce daga idonsa, sai wanda ke duba masa ya ce ya samu ko ya kuskure. Yanzu kuma likita ya ce ganin idonsa na dama yana raguwa, kuma ba zai dawo ba.

Ya juyo da Hausa, kamar ba da ni yake ba. "A garinmu akwai duwatsu biyu. Muna yara mukan tsaya kan ɗaya mu yi kira, muryar ta je ta daɗe kafin ta dawo. Haka farantin nan yake. Sai ka harba, ka jira, sannan ka ji ƙararsa ta taho. Jin na sha ji. Gani nake so, sau ɗaya, kafin idon ya rufe."

Amma doguwa yake so. Ya ce mutum mai tsawonsa bai dace da ƙaramar aba ba, abokansa duk dogaye suke riƙewa.

Mista Dale yana da ƙa'ida. Ba ya gardama da mai saye. Yakan shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa, ya kawo bindigogi biyu marasa harsashi, doguwa da gajera, ya buɗe su ya nuna babu komai ciki, ya ce mutum ya kwanta rub da ciki ya ja sakata. Ya shimfiɗa, ya nuna wa Kawu.

Kawu ya dubi tabarmar, ya dube ni, ya gyara zama.

"Ba sai na kwanta ba. A tsaye ma zan gwada."

"A tsaye kake gasar?" in ji Mista Dale.

"Gwiwata ce."

Ni na san ba gwiwa ba ce. Babban mutum ba zai miƙe a ƙasa a gaban 'yar abokinsa ba. Mista Dale bai san haka ba, ya kuma ce in ba gwaji, ba zai haɗa ba. Kawu ya fara laluben makullin motarsa. Fita ba ta yiwu mini, don ni ke tsaron waya. Sai na ɗauki tsummana, na koma ƙarshen shagon, na juya musu baya, na hau goge gilashin da na riga na goge.

Sannan na ji shadda tana ƙara, na ji nishi, na ji "Bismillah."

Sakata ta yi ƙaras. Wani abu mai laushi ya faɗi, ya gangaro har ya taɓa dugadugaina. Hular Kawu ce. Na ɗauka da hannu biyu, na ja da baya ba tare da na juya ba, na miƙa ta gefe.

"Allah ya yi miki albarka."

Ƙaras. Hular ta sake zuwa. Wannan karon na lura da zaren shuɗi da ya fara warwarewa a bakinta, da ƙanshin turaren suna. Na mayar. Ta sake dawowa.

"Wannan hula ta fi son ki da ni," in ji Kawu. "Ko kin yi mata alkawarin alawa?"

Na ji Mista Dale ya canja masa bindiga zuwa gajerar. Sautin ya zama gajere, kamar an rufe ƙaramin akwati. Na tsaya ina jiran hular. Sakata ta je ta dawo, ta je ta dawo. Na dubi ƙasa, babu komai sai hasken rana.

"Kawu," na ce. Muryata ta ba ni tsoro. "Hular ba ta zo ba."

Sautin ya tsaya. Na maimaita wa Mista Dale da Turanci. Ya ce ya ga abin tun farko, yana neman yadda zai faɗa ne. Doguwar sakata in ta taho, Kawu yana janye kansa baya, kumatunsa ya bar katakon bindigar, idonsa ya bar madubin. Gajerar kuwa tana tsayawa kafin ta kai ga fuskarsa. In aka haɗa da sauƙin naushinta, zai iya zama cikin madubin har harsashi ya isa. Sai dai ranar da iska ta yi ƙarfi, zai sha wahalar lissafi.

Kawu ya yi dariya har da tari. "To, hula ta yanke hukunci. A yi gajerar. 'Yar Malam, kada ki juyo, tashin ya fi kwanciyar muni."

Aikin ya ɗauki watanni. Na koma makaranta, ina zuwa shagon Asabar kawai. Ganye ya fara ja lokacin da wayar shagon ta yi ƙara wata rana da hantsi. Na ji iska a cikinta, da muryoyi can nesa.

"'Yar Malam ce?"

"Ni ce, Kawu."

"Na gani. Wani ɗan baƙi ya fito a jikin farin fentin farantin, shiru, kamar an ɗiga tawada. Na zauna ina kallonsa, ni kaɗai na sani. Sai can ƙarar ta iso."

Na tambaye shi hular fa.

"Tana kaina."

A wannan sana'a na koyi cewa ba tsawon mutum ake aunawa ba, ba kuma abin da abokansa ke riƙewa ba. Inda kumatunsa ke hutawa ake nema, kuma ba a samunsa sai ya yarda ya kwanta a ƙasa. Wani kuwa ba zai kwanta ba sai an juya masa baya.