Shekarar da Aka Ƙona Mana Rake

Ƙauyenmu yana bayan Paki, inda hanya ke gangarawa fadama. A can na tashi, a gidan masu bin Almasihu, cikin shekarun farko da ƙasa ta samu mulkin kai. Gidaje kaɗan ne muke zuwa majami'a. Maƙwabtanmu na gabas Musulmi ne, dangin babana kuwa da yawansu suna nan kan al'adar kakanni ta Maguzawa. Kowa ya san kowa, kuma duk wanda ya yi tuwo ba ya rasa mai tayawa.

In an ci abincin dare an yi addu'a, sai mu yara mu taru a ƙofar ɗakin Kaka Talatu, mahaifiyar babana. Da busasshen ɓawon raken da aka matse take hura wuta, shi ya sa hayaƙinta ke da wani ƙamshi mai zaƙi wanda har yau ban ƙara jin irinsa ba. Takan tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafafu, ta dube ni ta ce, "Maigida, yau ma ba ka kawo cefane ba, amma ka zo cin tatsuniya?" Haka take tsokanata, ni jikanta namiji na farko. Babana kuwa ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da saƙo gare shi, mu take gaya wa yana zaune yana ji.

Arzikin gidanmu duka yana fadama. Baba yana noman rake, yana da injin matsa wanda doki ke zagayawa da shi, a dafa ruwan a yi mazarƙwaila a kai kasuwar Makarfi. Dokin baƙi ne, muna ce masa Akawal, ni nake yanko masa ciyawa. A kan wannan fadama rigima ta tashi da Baffa Tanko, ƙanen marigayi kakana. Ya ce tunda gidanmu ya daina ba da dawar giyar tsafi, ba mu da rabo a ƙasar kakanni. Aka je gaban dagaci, dagaci ya bar wa Baba gonarsa.

Wata Lahadi muna cikin waƙa a majami'a aka shigo da gudu ana ihun gobara. Kafin mu isa, maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu, suna ta dukan wuta da ɗanyen ganye, amma rake ya riga ya nuna, ganyensa ya bushe. Ba abin da ya tsira. Akawal yana ɗaure a rumfar injin, ya fizgi igiya har ta yanke masa wuya, bayansa duk ya saɓule. Ya kwanta yana nishi, bai daɗe ba ya mutu a gabana. Mata masu itace sun ga Baffa Tanko yana fitowa daga fadama da bakin wuta, amma ba wadda ta yarda ta tsaya gaban alƙali. Shi kuwa a wurin shan giya yana ta dariya, yana cewa a gaya wa sabon Ubangijin nasu ya tsiro musu da wani raken.

Gidanmu ya koma kamar tukunya a kan murhu. Baba ya daina magana. Mai bishara ya zo ya yi masa nasiha, Baba ya saurara cikin ladabi, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya ɗura kananzir a kwalba ya toshe da tsumma. Kowa ya san rumbunan Baffa Tanko yake nufi. Innata tana kuka a ɓoye. Ni kuwa ina roƙon Allah a zuciyata Baba ya tafi da ni, in riƙe masa ashana. Kaka ma ba a bar ta a baya ba. Da kunnena na ji ta tana cewa, "Da ina da ƙarfin da, da hannuna zan shaƙe Tanko."

A yammacin da Baba ya shirya fita, ya zauna can gefe a kan turmi, kwalbar tana kusa da ƙafarsa, yana jiran gari ya yi shiru. Kaka ta gyara wuta ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe, ta sha hanya."

Muka amsa, "Ta ƙaraso, mun shimfiɗa mata."

Ta ce an yi wani manomi, Jatau, wanda ubansa ya bar masa bishiyar ɗorawa guda ɗaya, da ita yake ci da iyalinsa. Maƙwabcinsa, don hassada kawai, ya sare ta. Jatau ya rasa inda zai kai ƙara, ya yi ta tafiya cikin daji har ya tarar da wata tsohuwa a bakin kududdufi. Ta ba shi tsakuwoyi a ƙoƙo, ta ce duk abin da ya ambata na maƙiyinsa ya jefa tsakuwa a ruwa, abin nan ya ƙare. "Sai dai ka sani," in ji tsohuwar, "abin da ka jefa, ko ni ba zan iya tsamo maka shi ba."

Jatau ya ambaci awakin mutumin, ya jefa. Kaka ta yi ƙarar faɗawar tsakuwa da bakinta, ta ce kafin ya isa gida awaki sun mimmiƙe. Muka yi shewa. Ya ambaci geronsa, gero ya ƙone a tsaye. Ya ambaci jakinsa, ya ambaci jinkar ɗakinsa. Duk jifa ɗaya sai mu ce, "Ƙara masa!" Ita ma Kaka idanunta suna ƙyalli, tana jan muryarta da daɗi, kai ka san ba maƙwabcin Jatau take gani a cikin wutar nan ba.

Da ya rage tsakuwa ɗaya, Jatau ya ce wannan sai ya yi mai gaba ɗaya. Ya ɗaga hannu ya ce, duk wanda ya ci tuwon gidan mutumin nan yau, kada ya ga gobe. Ya jefa, ya kama hanya yana fito. Da ya shiga gida matarsa ta tambaye shi ko ya ga 'yar autarsu a hanya. Ashe yarinyar kullum takan tsallaka danga ta je wasa gidan maƙwabcin, matar gidan kuma, duk da yunwar da ta same su, ba ta taɓa hana ta loma ba. Jatau ya ruga. Ya tarar da ita a tsakar gida tare da sauran yaran, hannunta da sauran miya.

Ba wanda ya ce ƙara masa. Kaka ta ce har yau in ka bi ta bakin kududdufin za ka ga wani tsoho yana nutso yana fitowa, yana laluben tsakuwa cikin laka. "Nan ta tsaya," ta ce. "Wanda ya tsinci wani abu a ciki, nasa ne."

Sai ta juyo gare ni. "Maigida, kai da kake shiga ko'ina. Rumbunan Tanko da ɗakin da jikokinsa ke kwana, akwai nisa?"

Na ce, "A manne suke, Kaka."

Baba ya miƙe tsaye. "Iya, ke nan ya ci banza?"

Ba ta dube shi ba. Wuta ta duba ta ce, "Ku gaya wa ubanku ban ce an ci banza ba. Cewa na yi kada ya jefa."

Sai Baba ya ɗauki kwalbar ya miƙa wa innata ya ce ta zuba a fitila.

Kada wani ya ɗauka fushi ya tafi daga ranar. Shekarar nan mun sha wuya, har ƙwadago Baba ya yi a gonakin mutane. In ana addu'a a majami'a aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in ga bakinsa ya tsaya cak. Ni ma in na wuce ƙofar Baffa Tanko sai na tofa yawu. Da bazara ta yi, agana ta shigo ƙauye ta kama shi, na yi murna har cikin raina, na ce addu'ata ce ta ci. Iyalinsa suka tsorata, suka kai shi wata bukka a bayan gari, suna ajiye masa abinci daga nesa su gudu.

Wata safiya sai ga Kaka ta fito da ƙwaryar kunu da tulun ruwa ta nufi bukkar. Fuskarta duk zanzana ce, ta taɓa yin cutar tun tana budurwa, agana kuwa ba ta kama mutum sau biyu. Kullum sai ta je ta wanke masa ƙuraje, ta ba shi kunu a baki, ta kore masa ƙuda, sannan ta yi wanka a bayan gari ta sauya zane kafin ta shigo gida.

Na kasa haƙuri. A bakin wuta na ce mata, "Kaka, mutumin da ya kashe Akawal kike ba kunu?"

Ta ce, "Shi fa. Kuma in na ɗaga ludayi na ga bakin nan da ya yi mana dariya, sai in ji kamar in watsa masa a ido."

"To me ya kai ki?"

Ta juya dankali cikin toka. Sannan ta ce ita ma a irin bukkar nan aka jefar da ita. Wadda ta zo ta yi jinyarta matar mai bisharar farko ce da ya zo yankinmu, matar da ita Kaka da ƙawayenta suke yi wa waƙar zambo a bakin rijiya. "Ban roƙe ta ba, ban kuma cancanta ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ita ma haka Yesu ya yi mata. Ta rasu ban yi mata komai ba. To ina zan kai godiyar, Maigida? Ga Tanko nan a kwance."

Baffa Tanko ya tashi, amma cutar ta tafi da idanunsa. Bai taɓa cewa a yafe masa ba, ban kuma ji ya yi godiya ba. Da damina ta sauka gonarsa ta zauna ba mai huɗa, sai ga Baba ya saɓa garma ya shiga, fuska a murtuke, ya huɗe ta tas bai ce wa kowa uffan ba. Haka ya riƙa yi duk shekara har tsohon ya mutu.

Na girma, na yi aikin koyarwa a Ikara har na yi ritaya, an cuce ni a wurare da dama kamar yadda ake cutar kowa. Da ina ɗauka sai zuciya ta huce tukuna sannan hannu zai iya yin alheri. A wurin Kaka na ga ba lallai ba ne. Ita da fushinta take ɗaukar ƙwarya ta tafi, don ta san abin da aka yi mata kyauta, zuciyar kuma tana biyowa a hankali daga baya.

A ciwonta na ƙarshe na zo daga makaranta na zauna kusa da ita. Baffa Tanko ya daɗe a ƙasa a lokacin. Na riƙe hannunta na ce, "Kaka, wai kin yafe wa Tanko kuwa?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Saura kaɗan, Maigida. Ubangiji yana ta aiki a kai."