Gilashin Da Ya Ga Iyakar Gonar Inna Laure

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, in ka tambayi shagon Zulkifli Abdussamadu sai a yi ta kallonka ana tunani. Ka ce Mai Jirgi, nan take za a nuna maka ƙofa mai shuɗin fenti kusa da mai faci. Jirgin ma ba wani babban abu ba ne, ɗan duron ne na ɗaukar bidiyo daga sama, kuma na hannu ya saye shi. In an naɗe masa fukafukai, jakar goyo ke ɗauke shi har a samu wurin gorar ruwa.

Gidansu gidan malamai ne. Yayyensa biyu sun gaji buzun mahaifinsu, shi kuwa tun yana kwalejin kimiyya da fasaha ya rataya kyamara, yana bin masu kammala karatu yana ɗaukarsu cikin burgujejiyar riga. Daga nan sai bikin aure, sai walimar sauka, sai gonakin shinkafar manyan manoma da ke son su ga arzikinsu daga sama. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita yake ciyar da 'ya'ya biyu. Duk da haka mahaifiyarsa, Inna Laure, ba ta taɓa kiranta sana'a ba. In aka tambaye ta ina yake, sai ta ce ya tafi wasan jirginsa.

Zulkifli mutumin kirki ne, sai dai Allah ya zuba masa taurin kai, irin na wanda ya koya wa kansa aiki. Yana da ɗan akwati mai gilasai uku da ake maƙalawa a idon kyamarar jirgi, masu sana'ar suna ce musu filta. Nasa duka irin ND ne, mai lamba takwas da sha shida da talatin da biyu. Aikinsu rage haske, yadda tabarau ke yi wa ido, don kada ranar Kebbi ta ƙone hoto, kuma motsi ya tafi sumul. Iya yawan lamba, iya duhun gilashi. Da su ukun nan yake taƙama, yana cewa babu ranar da za ta gagare shi. Izuchukwu, mai sayar da kayan kyamara a babbar kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari nuna, ya taɓa miƙa masa na huɗu mai zobe da ake murzawa, ya ce sunansa CPL, na ruwa ne. Zulkifli ya yi dariya ya ce shi ba kifi yake ɗauka ba, daɗin bakin 'yan kasuwa kuma ya saba jinsa.

Inna Laure 'yar Gulma ce, a ƙasar Argungu, kuma tana da gonar fadama a can, gadon mahaifinta, maƙwabciyar gonar yayanta, Kawu Labbo. Shekara da shekaru kunya guda mai ciyawar jema ce ta raba su, ba a taɓa jin kansu ba. Sai ambaliyar bana ta zo ta share kunyar tas, ta bar ruwa iya ƙugu kwance a kwarin da ke tsakiya. Da lokacin gyaran fili ya matso, 'yan ƙwadagon Inna suka kafa turke a bakin ruwa suka ce nan iyaka take. Na Kawu Labbo suka kafa nasu, taki goma cikin inda Inna ke kira nata. Saura kaɗan a sari juna da fartanya.

Kowa ya yarda mahaifin Inna da Kawu Labbo ya jera manyan duwatsun marmara a kwarin, alamar iyaka, tun suna yara, amma ga su ƙarƙashin ruwa. Maigari ya hana kowa shiga, da ƙafa ko da kwalekwale, don duk wanda ya shiga za a ce ya gusar da dutse. Jiran ruwa ya janye kuwa wata biyu ne, irin dashe ba zai jira ba, masu fartanya ma haka. Sai ya yanke cewa ranar Alhamis a hallara. Labbo ne mai ƙara kuma ba shi da shaida, saboda haka rantsuwa ta hau kan Laure. In ta ƙi, a mayar wa Labbo ya rantse ya ɗauka.

Tun da aka kawo wannan saƙo Inna ta daina cin abincin kirki. Zulkifli ya same ta ranar Litinin da safe, kokonta ya huce a gabanta. Ya ce ta bar wa Kawu taki goman mana, a huta. Ta ɗago ta dube shi.

“In bar mai, in amsa sunan mai cin iyaka da tsuhwana? Ba gonar ad damuwata ba, Zulki. Ni na san abin da nig gani, shi ma cewa yakai ya gani. In na rantse ina bisa kure, na shiga ukku. In na ƙi shi ya rantse bisa kure, ɗan'uwana na, nono guda munka sha.”

Tsoro ya kama Zulkifli, don shi ɗan gidan malamai ne, ya san nauyin dafa Alƙur'ani a kan abin da mutum ke zato kawai. Nan take ya ce jirginsa zai gano duwatsun ba tare da an taɓa ruwa ba. Ya faɗi haka da ƙarfin gwiwa, ya aika wa maigari, maigari ya amince.

Ranar Talata ya isa Gulma da rana tsaka, lokacin da ya saba cewa haske ya fi kyau. Rabin gari ya fito kallo. Ya maƙala mai sha shida, ya tashi jirgi, ya kifa kyamara a kan kwarin. Allon wayarsa ya nuna masa farin abu fal, sai ka ce murfin tukunyar alminiyom da aka goge da toka. Ya sauko ya sa mai talatin da biyu. Gaɓar ruwa ta yi duhu, mutane suka koma inuwoyi, amma ƙyallin yana nan daram. Haka ya cinye batir uku. Kawu Labbo, da ke tsaye da malfarsa, bai yi masa dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Cewa kawai ya yi, “Sannu da ƙoƙari, ɗana. Sai Alhamis.”

A hanyar komawa Birnin Kebbi bisa babur, kunya ta ishe shi. Bai biya gida ba, kasuwa ya nufa. Izuchukwu ya saurare shi har ƙarshe, bai ce ai na gaya maka ba, ko da yake fuskarsa ta faɗa. Ya ari baho cike da ruwa wurin mai wankin kwanuka, ya ajiye a rana, ya jefa mabuɗin shagonsa ciki. Ya ba shi ND ya ce ya duba. Zulkifli ya ga ƙyalli, ya ɗan dushe kawai. Ya ba shi mai zoben ya ce ya murza a hankali. Yana murzawa, ƙyallin ya janye kamar an ɗage labule, ga mabuɗi kwance a gindin baho har haƙoransa ana ƙirgawa.

“Wanga naka rage rana yakai dut gaba ɗaya, Mai Jirgi,” in ji Izuchukwu. “Wanga ko zaɓe yakai, hasken da ruwa ke maidowa shi yaka tsarewa. Amma ka ji, in jirgi ya tashi hannunka ba ya kai gare shi. Ƙasa za ka murza shi daidai, in ka kuskure ka yi tahiyar banza.”

Zulkifli ya saya, bai ko nemi ragi ba, abin da ba a taɓa gani daga gare shi ba.

Wannan karon bai yarda da kansa ba. Laraba ya tafi Argungu, ya zauna bakin kogi don gwaji. Ya murza, ya tashi jirgi, wani lokaci ya ga ƙasan ruwa, wani lokaci ƙyalli ya dawo, ya rasa dalili. Wani dattijon masunci mai suna Hodi, da ke gyaran komar kamun kifi a gefe, ya daɗe yana kallonsa kafin ya tambayi abin da yake nema. Da ya ji, sai ya yi murmushi ya ce su da suka tsufa suna leƙen kifi ba sa kallon ruwa da rana tsaka, ba sa fuskantar rana, ba sa ba ta baya. Da hantsi ake dubawa, kafin iska ta taso, rana tana bisa kafaɗa, kuma a karkace, ba a tsaye kan ruwa kamar mai leƙen rijiya ba.

Zulkifli ya bi wannan ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya rana na kafaɗarsa ta dama, ya kara gilashin a idonsa, ya murza har ruwa ya buɗe, ya ɗiga wa zoben alama da biro. Ya maƙala, ya karkata kyamarar, ya tafi da jirgin a gicciye. Sai ga ciyawar ƙasan kogi, ga wata tsohuwar taya da ta nutse. Ya yi ta maimaitawa har ya tabbata ba dace ba ne. Ya yi wa Hodi godiya irin wadda ya daɗe bai yi wa kowa ba.

Alhamis da hantsi aka taru a bakin fadamar. An shimfiɗa wa maigari tabarma, liman na gefensa da Alƙur'ani cikin gafaka. Inna Laure ta riga ta yi alwala, ta zauna can nesa da lulluɓinta, ba ta kallon ɓangaren da yayanta yake. Zulkifli ya roƙi a ba shi dama ɗaya tak. Wasu suka yi gunaguni cewa an ga wasan nan shekaranjiya, maigari ya ɗaga hannu suka yi shiru.

Ya murza zoben, ya maƙala gilashin. Iska ba ta taso ba, ruwan ya kwanta. Jirgin ya tashi, ya karkata, allon ya nuna ruwa mai launin shayi, amma ana ganin ciki. Da farko laka ce kawai da karan shinkafar bara. Ya ce a ransa ko laka ta binne duwatsun. Ya matsa gaba kaɗan, sai ga wani jan abu mai girman turmi. Ga na biyu. Ya bi su a hankali har guda tara, a jere, sun miƙe zuwa gaɓa.

Ya miƙa wa maigari wayar, kawuna suka haɗu a kanta. Aka sa Zulkifli ya tsai da jirgin daidai inda layin ya fito tudu, wani dattijo ya je ya tsaya ƙarƙashinsa, aka auna da ƙafa. Daga turken Inna taki bakwai ne. Daga na Kawu Labbo taki uku. Babu wanda turkensa ke kan iyaka.

Aka kai wa Inna wayar. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan dutse na uku, ta ce wannan mai tsagar shi ne baba ke zama a kai in ta kawo masa fura. Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Zulkifli ya zaci takaicin taki bakwai ne, ya durƙusa zai ba ta haƙuri.

“Bari, Zulki, daɗi nika ji,” in ji ta. “Da yanzu na rantse.”

Kawu Labbo ya cire malfarsa ya tako har inda take. “Da kin ƙi, da ni na rantse, Laure. Allah ya tsare mu dut.”

Liman ya rataya gafakarsa ba tare da ya kwance igiyarta ba. Zulkifli ya saukar da jirgi, ya zauna a ƙasa daɓas. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga kai har tafin ƙafa, yunwar kwana uku ta taso masa gaba ɗaya.

Har yau yana nan a shago mai shuɗiyar ƙofa, gilasai huɗu a akwati. Bikin rana tsaka ND yake sa masa, aikin fadama da kogi mai zoben, kuma in sabon shiga ya zo neman shawara, baho da mabuɗi yake fara fitowa da su. Taurin kan bai tafi duka ba, ya dai ragu. Inna kuma in an tambaye ta yanzu, cewa take ya tafi wurin aiki.

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai daga ranar Alhamis ɗin nan shi ne, kafin a watse Inna ta ce ba za ta bar alwalarta ta tafi a banza ba. Ta nemi abin shimfiɗa, aka rasa a kusa, ban da tabarmar da maigari ke zaune a kai. Kawu Labbo ya kwance rawaninsa ya shimfiɗa mata a kan sabuwar iyakar, ta fuskanci gabas, ta yi nafila raka'a biyu da alwalar da ta yi don rantsuwa.