Murdo Ya Ce Yana Barci

Ranar Talata, 11 ga watan Fabrairu, ina haɗa shayi a ofis yayarka Ishbel ta kira ni, ta ce an tarar da gawarka a ɗakinka na unguwar Lochee, nan birnin Dundee. Shekarunka arba'in da huɗu. Wata bakwai rabonka da muguwar ƙwayar nan hiroyin, amma an sami allura a gefen gadonka. Murdo Rennie, ni ce ma'aikaciyar jinyar da ta rubuta sunanka a bincikenmu na barci, kuma tun ranar ban sami sakat ba.

Gyaran rufi ne sana'arka. Ka faɗo daga tsani, bayanka ya taɓu, aka ɗora ka a kan ƙwayoyin kashe ciwo dangin kodin, daga nan abu ya zarce. Da ka daina, kowa ya yaba maka, amma ba wanda ya tambaya ko kana runtsawa. Ranar da ka fara zuwa ka ce mini, "Sista, amai na jure, ciwon ƙashi na jure. Amma mutum ya kwana ƙirgar motoci? Ko kare ba a yi wa haka."

Na zana maka abin a takarda. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu da aikinsa shi ne riƙe mutum a farke. Muna zargin ƙwaya tana ƙara masa ƙarfi, idan aka daina ta kuma sai ya ƙi lafawa, maganin da muke gwadawa shi muke so ya kwantar. Ka juya takardar sama da ƙasa, ka ce, "Wato masu gadi ne da ba su san an tashi aiki ba. To a sallame su mana, ko 'yan ƙungiyar ƙwadago ne?"

Na kuma gaya maka ƙa'idar aikin. Rabin mutane magani ake ba su, rabi kuma ƙwayar garin sitaci mai kama da shi sak. Daga ni har kai ba wanda ya san rabon wani, yana rufe cikin ambulan. Agogon da muka ɗaura maka yana auna barci, amma ba a duba shi sai an gama, don kada son zuciya ya shiga aikin. Abin da nake gani duk mako shi ne takardar da ka cika da hannunka.

Kai mutum ne da ba ka iya zama haka kawai. Ka ga indararon asibitinmu yana yoyo, ka hau da wannan bayan naka ka gyara, ina ƙasa ina ta masifa. Duk Alhamis sai ka zo da burodi mai zafi, ka ce shayinmu ruwan wanke kwano ne. Ranar da Senga, wata baiwar Allah da ita ma ta daina ƙwaya ta shiga bincikenmu, ta ga wayoyin auna barci da za a manna mata a ka ta nufi ƙofa, kai ka tare ta. Ka sa aka manna maka su tukuna, ka tsaya gabanta ka ce, "Dube ni, hajiya, saura fitilu na zama bishiyar Kirsimeti." Ta yi dariya har da hawaye, ta zauna.

Takardarka kullum barcin awa bakwai take nunawa. Amma na ga idanunka sun yi ja. Na tambaye ka, ka ce, "Har da munshari, Sista, maƙwabta na ƙorafi." Na sake tambaya, ka ce lafiya lau. Mu nan garin, idan mutum ya ce lafiya lau sau biyu, tambaya ta uku shisshigi ce. Na ja bakina, kuma gaskiya na ji daɗi, don ina son maganin nan ya yi aiki.

Bayan rasuwarka aka ba da izinin duba agogon. Kwana goma sha tara a jere ba ka taɓa cika awa biyu ba. A maƙabarta Senga ta gaya mini dalili. Ka ce mata ka tabbata maganin gaske aka ba ka, kuma idan ka rubuta bai yi ba za a watsar da shi, ita da sauran su rasa. Haushinka nake ji, Murdo, amma na kaina ya fi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Jessie da 'yarka Rhona, Allah ya ba su juriya. Ke kuma Ishbel, a bakin kabari kin riƙe hannuna kin ce, "Ko ba komai maganinku ya ba shi hutu a ƙarshe, ko?" Na gyaɗa miki kai. Ki yafe mini, ƙarya na yi. Da safen ranar muka buɗe ambulan ɗinsa. Garin sitaci na yi ta miƙa masa da hannuna, mako shida, yana godiya.

Allah ya jiƙan ka, Murdo, ya yafe maka, ya yafe mini tambayar da ban yi ba.