Yadda Na Kai Ɓargona Sandamu

Aji huɗu na tsaya a firamare, saboda haka a unguwarmu a Daura ni ne likitan da ba ya karɓar albashi. Sai ga ciwo ya kama likita. Saifa ta kumbura, jiki ya zube, a asibitin Kano aka ce sankarar jini ce.

Ciwon bai dame ni kamar abin da ya jawo ba. An sa wa jikana rana da wata 'yar Sandamu, a shekarun da aka fara gwajin jini kafin aure, kowa na tsoron sikila. Uban yarinyar ya ji an ce jini, ya aiko a dakata, wai ba zai kai 'yarsa gidan da ake gadon cuta ba. Yaro ya daina cin tuwo.

Na koma wurin likitar da ke duba ni a Kano, sa'ar jikokina ce, na ce, "Amarya, abin nan gado ne?"

Ta ce, "Ango marar haƙori, sai an ɗebi ɓargonka mu duba."

Allurar ta fi basilla. Na kwanta na ce a ɗiba, na yi salati da ƙarfi don kada a ce ihu ne.

Da sakamako ya fito ta nuna mini hoto. Ashe cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka jere bibbiyu, kowanne da lambarsa. Nawa na tara da na ashirin da biyu sun karye, sun yi musayar wutsiya. Ta ce, "A ɓargonka kaɗai ya faru, da girmanka. Ba ka gada ba, ba ka bayar ba."

Na karɓi hoton, na hau mota sai Sandamu. A zauren uban yarinyar na sa aka kawo kara biyu, dogo da gajere, na karya kawunansu na musanya, na yi bayani kamar mai digiri.

Ya ce, "Baba, ka tabbata?"

"Daga ƙuguna aka ɗebo. In kwance wando ka ga tabon?"

"A'a Baba, rufa mana asiri! Zan tambayi ƙanena, ma'aikacin asibiti ne."

Na ce, "Tambaye shi. Ina nan zaune, a damo fura."

Nan na yi azahar, nan na yi la'asar. Ƙanen ya zo, ya dubi hoton, ya kira likitar a waya, ya ce maganar tsoho haka take. Ban nemi takalmana ba sai da aka mayar da ranar aure.